Kafin A Yanka Akuyar Kirsimati

 

Hunturu ya sauko, dawa ta isa masussuka, yara sun soma ƙidaya kwanaki. A majami'u da yawa ana koyon waƙoƙin Kirsimati da dare, tela kuwa ba ya samun barci. Makonni huɗun nan da ke gaban ranar 25 ga Disamba, tun zamanin dā ikilisiya ta keɓe su domin jiran zuwan Ubangiji, kowa ya binciki zuciyarsa ya gyara hanyarsa. Amma a wurinmu 'yan ƙungiyoyin gama kai, makonnin nan lokacin biyan bashi ne kuma. Wanda ya karɓi taki a watan Yuni, yanzu ne zai kawo hatsi ko kuɗi. Yanzu ne magatakarda yakan buɗe littafi, ma'aji ya ƙidaya abin da ke cikin akwati, a kira babban taron ƙarshen shekara. A yawon da muke yi ƙauye ƙauye mun lura babu lokacin da zumunci yakan tsinke tsakanin 'yan'uwa kamar wannan. Da safe a rera waƙar salama a majami'a, da yamma mutum biyu da suka zauna a benci ɗaya su wuce juna a hanyar rafi babu ko sannu.

Bari mu fara da laifin kanmu, gama ba daidai ba ne mu nuna wa wasu yatsa mu ɓoye namu.

Shekaru biyu da suka wuce, shugabannin wata ƙungiya, wadda ba za mu faɗi sunan garinta ba, suka kawo mana kuka cewa mutane 11 sun ƙi biyan bashin taki. Mu ne muka ba su shawara a karanta sunayen masu bashin ranar Lahadi bayan sujada, a lokacin sanarwa, domin mun ji an yi haka a wani wuri kuɗi suka fito. Aka bi shawararmu. Magatakarda ya tashi ya karanta suna da yawan bashin kowa, majami'a ta yi tsit. A cikin waɗanda aka kira akwai wani magidanci da ke zaune da 'ya'yansa uku a gefensa. Ba mu sani ba sai daga baya, ashe ruwa ya kwanta a kan masararsa ta fadama a watan Agusta, matarsa kuma ta yi jinya mai tsawo har ya sayar da tumakinsa biyu. Ya sunkuyar da kai, da aka tashi ya kama hannun yaransa ya tafi. Bai zo sujadar Kirsimati ba. Matarsa ta daina zuwa zumuntar mata. Bashin kuwa, har damina ta sake zagayowa ba a ga ko kwabo ba. Ƙungiya ta rasa kuɗinta, ikilisiya ta rasa gida guda, mu kuma muka hau babur muka koma gida muna ganin mun yi aiki.

Saboda wannan muke roƙon kowace ƙungiya da ke karanta wannan takarda, bana kada a karanta sunan mai bashi a gaban jama'a kafin a je gidansa. Dalilinmu yana cikin labarin Kirsimati kansa, a wurin mutumin da ba mu cika yin wa'azi a kansa ba, watau Yusufu. A sura ta fari ta Bisharar Matiyu an gaya mana yadda ya tarar Maryamu, wadda aka yi masa alkawarinta, tana da juna biyu. A lokacin mala'ika bai riga ya yi masa magana ba. A iyakar saninsa an ci amanarsa, shari'a kuma ta ba shi dama ya kai maganar gaban mutane. Duk da haka abin da ya ƙudura shi ne ya rabu da ita a asirce domin kada ta sha kunya, marubucin kuma ya haɗa wannan niyya da adalcinsa. Mu dubi wannan da kyau. Mutumin da yake ganin gaskiya tana hannunsa, kuma shi aka cuta, ya zauna yana tunanin yadda zai rufa wa wadda yake zargi asiri. Da ya yi gaggawar fita dandali, me zai ce da safe bayan mafarkin nan? Mu ma sau da yawa rabin labari muke riƙe da shi. Littafin magatakarda yana nuna buhu nawa aka karɓa, ba ya nuna gonar da ruwa ya ci.

A sura 18 ta wannan Bishara kuma Ubangiji ya shimfiɗa yadda za a bi da ɗan'uwan da ya yi laifi. Da fari ka je wurinsa kai kaɗai. In bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai in duk wannan ya kasa ne ake kai wa ikilisiya. Mu kuwa mun juya tsanin, mun fara hawa daga matakin ƙarshe.

Mun san abin da wasu ma'ajiya za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce, Malam, kuɗin nan ba namu ba ne, na jama'a ne. A cikinsu akwai na gwauruwar da ta sayar da kaza ta biya rabonta a kan lokaci. In muka yi ta lallashin masu bashi, da me za mu sayi takin baɗi? Gaskiya ne. A ce ƙungiya tana da mutum 40, kowa ya karɓi buhu biyu, mutum 6 suka ƙi biya. Baɗi buhu 12 sun ragu, kuma ba lalle ne ragin ya faɗa a kan waɗanda suka ƙi biyan ba. Sau da yawa a kan marar baki yakan faɗa, wanda ba ya iya tsayawa ya yi gardama ranar rabo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ɗauko kaya daga gari ya hau ƙwarai, ƙungiyar da akwatinta ya yi rami ba ta da inda za ta cike shi. Don haka kada wani ya ɗauka muna cewa a yafe bashi saboda Kirsimati. Wanda ya yafe kuɗin da ba nasa ba, kyauta ya yi da aljihun wani. Bashi a biya shi. Abin da muke gardama a kai shi ne hanyar karɓa.

Ga yadda muke gani. Kafin ranar babban taro, a zaɓi mutum biyu masu riƙe magana, in da hali namiji da mace, su taka zuwa gidan kowane mai bashi da yamma bayan an dawo daga gona. Zumunci a ƙafa yake, karɓar bashi ma haka. Su zauna su sha ruwa, su tambayi lafiyar gida da yadda gona ta yi, kafin a ɗauko maganar kuɗi. Wanda asara ta same shi da gaske, za a gani, gama rumbu ba ya ƙarya. Irin wannan sai a sake rubuta masa sabon wa'adi, ya biya bayan noman rani, ko ya biya kaɗan kaɗan ranar kasuwa, ko kuwa ya yi wa ƙungiya kwanakin aiki a gonarta a lissafta masa. A rubuta a littafi, ya sa hannu. Yin haka ya fi yafewa kiyaye masa mutunci, domin magidanci ba ya son a mai da shi abin tausayi. Akwai kuma wanda hatsi yana nan cike da ɗaki, yana jira ne farashi ya tashi, ko ya riga ya yi cinikin sabon babur. Shi a gaya masa gaskiya ido da ido, a sa masa rana. In ranar ta wuce a koma da dattijon ikilisiya. In ya ƙi har yanzu, dokar ƙungiya ta hau kansa a taron 'yan ƙungiya, ba a tsakiyar sujada ba inda baƙi da yara ke zaune.

Sauran magana mai wuyar faɗa. Mun buɗe littattafan ƙungiyoyi da dama, kuma sau da yawa bashi mafi girma ba a kan talakan ƙarshen gari yake ba. Yana kan shugaba, ko ɗan'uwan ma'aji, ko wani dattijo da ba mai iya ɗaga ido ya dube shi, wani lokaci ma a kan ma'aikacin ikilisiya. Sunayen nan ba a karanta su ranar Lahadi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne shugaba ya ci bashi. Abin kunya shi ne ya zauna a kujerar gaba yana sauraron ana kiran sunan mai buhu ɗaya, alhali nasa biyar suna kwance a shafin da aka tsallake. In za a fara biya, a fara daga kujerun gaba. Shugaban da ya tashi a taro ya ce, 'yan'uwa, ni ma ana bina kaza, ga rabi yau, sauran ranar kaza, ya yi wa ƙungiyarsa wa'azin da ya fi na minti arba'in.

A nan ne maganar tawali'u ta shigo. Kowace shekara a wannan lokaci akan karanta mana sura ta 2 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, inda aka nuna yadda Almasihu, da yake daidai da Allah, bai riƙe wannan matsayi kam ba, ya sauko ya ɗauki kamannin bawa. Mukan ji ta kamar magana ce ta sama can, ta masu ilimin tauhidi. Amma a karanta wasiƙar har ƙarshe. A sura ta 4 Bulus ya kira mata biyu da sunansu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da shi cikin aikin bishara, yana roƙonsu su daidaita, ya kuma roƙi wani abokin aiki ya taimake su. Watau ikilisiyar da aka rubuta wa wannan babbar magana tana da saɓani irin namu, tsakanin ma'aikata masu himma. Yana ɗaure a kurkuku ya ɗauko labarin saukowar Ɗan Allah ya ajiye shi a gaban mutanen da ke ja da juna. To, in haka ne, maganar ta shafi shugaban ƙungiya da magatakardansa da suka yi wata uku ba sa shiri saboda wane ne zai riƙe mabuɗin sito.

Tun da mun ambaci mabuɗi, akwai abin koyi a wurin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin manoma da yawa a can suna bin wata hanya, da kaka su tara hatsi a sito ɗaya, su karɓi rance a kansa daga asusun ba da rance, sai farashi ya tashi bayan 'yan watanni a buɗe a sayar a biya. Ƙofar siton kwaɗo biyu ake sa mata, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da rancen, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. A wurinmu in aka ce wa ma'aji a sa kwaɗo na biyu, ko a kawo mutum biyu su duba lissafinsa, sai ya ɓata rai ya ce ana kiransa ɓarawo, shi da ya yi shekara goma sha yana wahala ba ko sisi. Mun gane zafin da yake ji. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ma'aji mai tawali'u shi ne zai fara neman a duba shi, gama ya san shi mutum ne, yana iya mantuwa, yana iya shiga matsi ya taɓa da niyyar mayarwa. Kwaɗo na biyu yana tsare shi daga gwaji, yana kuma tsare sunansa daga bakin mutane.

Mu da ake kira malaman gona ba mu tsira daga wannan ciwo ba, watakila ma namu ya fi. Mun fito daga kwalejin horon malamai da takarda a hannu, muka saba tsayawa a gaban allo kowa na sauraro, sai muka shiga gona da wannan hali. A shekararmu ta fari a wannan aiki mun tsaya a gonar wani tsoho muna yi masa faɗa don ya haɗa dawa da gero da wake a wuri ɗaya, muna cewa wannan noman dā ne, ya raba kowane da filinsa. Ya saurare mu har muka gama, ya ce, ɗana, na ji, amma wanne daga cikinsu ka yi mini alkawari ruwa zai ishe shi bana? Ba mu da amsa. Daga baya muka karanta cewa binciken da aka yi a Samaru kusa da Zariya a shekarun 1960 da 1970 ya riga ya nuna manoman da ke haɗa shuka suna da hujja, gama hakan yana rage haɗarin a tashi hannu wofi, yana kuma ba da amfani mai kyau gwargwadon wahalar da aka sha. Tsohon ya ga farin 1973 da idonsa, mu kuwa a littafi muka gan shi. Sai da muka koma muka durƙusa muka gaishe shi da kyau kafin ya yarda ya gwada irin waken da muka kawo, a layi biyu kawai.

Wani wanda ake karanta labarinsa a makonnin nan shi ne Yohanna Mai Baftisma. A sura ta 3 ta Luka, da mutane suka tambaye shi abin da za su yi su shirya, bai aike su yin wani abu mai wuyar ganewa ba. Mai riga biyu ya ba marar ita, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su ƙara a kan abin da aka yanka. Sojoji kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Duk maganar ciniki ce da abinci da tufa. Da a kasuwarmu ya tsaya, muna tsammani da mudu zai fara. Kowa ya san akwai mudun saye da mudun sayarwa, ɗaya an bubbuga gindinsa ya faɗaɗa, ɗaya an tura shi ciki. Kowa ya san buhun da aka sa tsaba mai kyau a baki, ƙasa kuwa tsakuwa da ƙaiƙayi, da waken da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Shari'ar Musa ta hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan ikilisiya, in ta auna wa 'ya'yanta da wani mudu ta auna wa baƙo da wani, to gara ta cire sunan.

Ko kun san ƙungiyar da ake ɗauka ita ce uwar ƙungiyoyin gama kai na zamani a wannan mako ta buɗe ƙofarta? A garin Rochdale na ƙasar Ingila, ranar 21 ga Disamba 1844, saura kwana huɗu Kirsimati, ma'aikata wajen 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe ɗan kanti da kuɗin da suka tara kwabo kwabo. Abin da ke ciki bai wuce garin alkama da sukari da man shanu da makamantansu kaɗan ba. Abin da ya tashe su shi ne 'yan kasuwar lokacin suna gauraya abinci da ƙazanta suna kuma tauye awo. Suka ɗauki alkawarin kaya mai tsabta da awo cikakke, suka kuma kafa doka cewa kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi, ko jarinsa babba ne ko ƙarami. A ƙasarmu an kafa dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935, wannan ƙa'ida kuwa ita muka gada. Mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya tawali'u ne da aka mai da shi doka. Mai shanun noma da mai fartanya hannu ɗaya ɗaya suke ɗagawa. Sai dai mu tambayi kanmu, a taronmu haka abin yake, ko kuwa mutum uku ne suke gama magana a zauren wani tun daren jiya, sauran su zo su ce amin?

Yanzu mu shiga cikin gida, gama a can ne ƙauna ta fi shan wuya a watan nan. Matan da suka yi shuka da mu, suka yi cira, suka ɗauko dami a ka, suka yi sussuka da sheƙa har idonsu ya yi ja da ƙaiƙayi, sau nawa ake tambayarsu kafin a ɗora buhu a mota? Maigida yakan tashi ranar kasuwa ya fitar da buhu uku ko huɗu, a lokacin da hatsi ya fi araha a shekara duka domin kowa yana sayarwa, ya sayo yadi da takalma da akuya, wani abin kuma ya tsaya a inda ba ma so mu ambata. Ranar Kirsimati gida ya yi kyau. Watan Yuli ya zo, rumbu ya yi ƙara, uwargida ce za ta ɗauki kwano ta je awo a kan farashin da ya hau, ita ce yara za su duba in tukunya ba ta hau wuta ba. Ba sabon tufafi muke hanawa ba, mu ma mun yi yarinta, mun san daɗin ranar. Abin da muke nema ƙarami ne. Miji da mata su zauna tare kafin a taɓa rumbu, su lissafta mudu nawa gidan yake ci a mako, su ninka har zuwa sabon amfani, su ware iri, su ware kuɗin makaranta na watan Janairu, su ware bashin ƙungiya da baikon godiya. Abin da ya saura shi ne na biki. Namijin da yake ganin tambayar matarsa raini ne, ya tuna ita ce take auna hatsin kullum, ta fi shi sanin lissafin.

In kunyar maƙwabta ce take tura mu, mu duba sura ta 2 ta Luka. Da Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali, hadayar da aka ambata ita ce ta tsuntsaye biyu, kurciyoyi ko 'yan tattabarai. Bisa ga Littafin Firistoci sura 12, wannan ita ce hadayar da aka yardar wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Iyalin da Allah ya zaɓa ya sa Ɗansa a hannunsu sun shiga Haikali da baikon matalauta, ba su ci bashi don su yi kama da masu hali ba. Wanda ƙarfinsa bana kaza ce, ya yanka kaza da godiya. Gida huɗu kuma suna iya haɗa kuɗi su yi watanda.

Wanda yake so ya riƙe hatsinsa har farashi ya gyaru amma yana tsoron ƙwari, musamman a wake, akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ne a ciki da buhu a waje. A shanya hatsin ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwarin sukan mutu don rashin iska, ba sai an zuba magani a abincin da yara za su ci ba. A duba kada ledar ta huje, a kuma ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Ƙungiya tana iya sayo su da yawa a raba.

Baitalami, inda aka haifi Ubangiji, ma'anar sunan a Ibraniyanci gidan gurasa ne, gidan abinci ke nan. A gonakin garin nan ne Rut, baƙuwa kuma gwauruwa, ta yi kala a bayan masu girbin Bo'aza, shi kuwa ya umarci ma'aikatansa su riƙa zare mata zangarniya da gangan su bari a ƙasa, kada kuma su tsauta mata. Mu lura da dabarar. Ya taimake ta ta hanyar da za ta koma gida da hatsin da hannunta ya tsinta. Daga zuriyarta Dawuda ya fito, daga zuriyar Dawuda kuma Almasihu. A kowace ƙungiya akwai gidan da aka yi rashi bana, ko gidan waɗanda tashin hankali ya raba da gonarsu suka zo suka raɓa da mu. Mudu ɗaya ɗaya daga kowane ɗan ƙungiya yana cika buhu. Amma a kai da dare, ko a aiki mata biyu su kai kamar ziyara. Kada a kira mutum gaban majami'a a tsayar da shi kusa da buhu ana ɗaukar hoto.

Maganar makiyaya ita ce muka fi jin nauyin rubutawa. Su ne aka fara kai wa albishir a daren nan, suna kwana a fili suna tsaron garke. Yaranmu sukan yafa bargo su riƙe sanda su yi wasansu a majami'a, kowa ya yi dariya. Amma a wurare da yawa yau kalmar kanta tana tayar da tsoro. Ba mu manta da hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a jajibirin Kirsimati na 2023 ba, inda aka kashe mutane fiye da 100. Ba za mu je wa wanda ya binne 'ya'yansa da magana mai sauƙi ba, kuma neman hukuma ta tsare rayuka ta hukunta masu laifi ba rashin ƙauna ba ne. Abin da kawai muke iya cewa shi ne, akwai maƙwabcin da muka san sunansa, wanda matarsa take kawo nono ƙofar gidanmu shekara da shekaru, wanda ubansa da ubanmu suka yi sharaɗi shanu su ci karan gona bayan girbi su bar taki. Inda wannan igiya ba ta tsinke ba tukuna, a riƙe ta. Shugabannin ƙungiya su zauna da ardo da mai unguwa tun yanzu, a faɗi ranar da za a gama kwashe amfani, a nuna gonakin rogo da na rani da ba a shiga, mu ma mu bar burtali da hanyar ruwa a buɗe, mu kuma hana yaranmu cinna wa daji wuta don farautar ɓera. Iyayenmu sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar Kirsimati domin a iya aika masa da abinci ya ci da kwanciyar rai, shi ma ya aiko da naman layya in lokacinsa ya zo. Inda aka bar wannan al'ada, bana a aiki yaro da kwano.

Game da magidancin nan da muka sa aka kira sunansa, sai bara muka sami ƙarfin hali muka je gidansa tare da wani dattijo. Mun tarar da shi yana gyaran jinkar rumbu. Muka gaya masa shawarar daga bakinmu ta fito, muka roƙi gafara. Ya daɗe bai yi magana ba, sa'an nan ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba kuɗin ba ne, babban ɗansa ne ya tambaye shi a hanya ko su ɓarayi ne. Ya sa aka kawo mana kunu. Ya biya rabin bashin bayan ya sayar da albasar rani, sauran yana kan littafi da sabon wa'adi. Matarsa ta koma zumunta. Shi kansa har yanzu bai taka majami'ar ba, ya ce a ba shi lokaci. Za mu sake zuwa mako mai zuwa.